Kwaɗon da Baba Ya Ƙera

Saura kiris Auta ta fasa rubuta takardar nan, don rubutunta na 'yar aji uku ne, tana kunyar Baƙo, ɗan ƙasar wajen da take so, ya gani. Abin da ta iya haɗawa kawai shi ne, "Ka gudu, suna zuwa."

Takardar ba ta isa gare shi ba, a hannun Baba ta faɗa.

Tas!

Marin ya haɗa ta da bango.

"Ni za ki tozarta? Shekara arba'in ina ƙira, ko allurar waje ba ta taɓa kwana a gidan nan ba, sai ki kwaso mini mutum sukutum?"

"Baba, ka yi haƙuri... wallahi mutumin kirki ne..."

"Rufe mini baki! Mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba! Ƙarfensu kwali, su ma kwali!"

Dogo, ɗan baffanta da ta ƙi aurensa har sau biyu, yana bakin ƙofa yana murmushi. Shi ya kai tsegumin.

Baba ya ingiza ta ɗaki, ya datse da ƙaton kwaɗon da ya ƙera da hannunsa, ya wurga mabuɗin cikin rijiya.

"Ran da kika manta da shi, na ƙera wani mabuɗin!"

Ta sulale ƙasa tana kuka. Bangon nan kaɗai ya raba ta da shagon Baƙo, inda yake sayar da kayan aikin ƙasarsu. Ta wata ƙaramar taga da ke jikin bangon ya fara ce mata "hasken idona" da karyayyen harshensa, ta yi kwana uku ba ta iya kallonsa ba.

Da la'asar ihu ya tashi.

"A fitar da shi! Ba ma son kayansu!"

Muryar Dogo ce a gaba. Ta ji gilashi na fashewa, ta ji saukar sanduna a jikin mutum. Sai warin fetur.

"Wayyo Allah! Ku bar shi!"

Babu wanda ya tuna rufin shagon da na ɗakinta haɗe suke. Hayaƙi ya turnuƙe ta.

"Baba! Baba, wuta!"

Ya zo da gudu da guduma. Ya doka, ya sake dokawa, kwaɗon ko gezau. Shi ne fa yake cika baki a kasuwa cewa babu gudumar da za ta fasa aikinsa.

"Auta! 'Yata! Innalillahi... Dogo, zo ka kama mini!"

Dogo tuni ya tsallake katanga.

Sai ga Baƙo yana jan ƙafa, jini ya rufe masa ido ɗaya, rungume da wani dogon almakashin yanka ƙarfe da ya tsamo daga wutar. Hannuwansa sun saɓule.

"Baba, riƙe gefe ɗaya. Ni hannu babu ƙarfi."

Baba ya dubi rubutun waje da ke jikin almakashin. Ya kama.

Suka danna tare.

Ƙas!

Auta ta faɗo waje tana tari. Baƙo ya zube a gabanta.

"Hasken idona... kin fita?"

"Na fita, masoyina. Kar ka rufe ido, don Allah kar ka rufe!"

Karo na farko ke nan da ta faɗi kalmar, kuma a gaban mahaifinta. Baba ya durƙusa kusa da su. Rigarsa ya tuɓe ya naɗe hannuwan Baƙo, ya saɓa shi a kafaɗa sai asibiti.

Washegari da safe Auta ta tsinci guntayen kwaɗon cikin toka, ta wanke su, ta ajiye kusa da kofin shayin Baba. Ta ɗauki mayafinta ba tare da ta nemi izini ba.

Har ta kai zaure ta ji takunsa a bayanta.

"Tsaya mana, uwar gaggawa," ya ce, murya a dushe. "Haka za ki je wa surukina hannu rabbana?"