Motar Ismail Ta Cije a Hanyar Kalgo

Da hantsi aka buga wa Sufeto Mujtaba waya cewa wata bas ta haya daga Gwandu ta yi karo daf da Kalgo. Direban, Ismail, ya rasu nan take.

Kafin Sufeto ya isa asibiti, dangin mamacin sun yi wa Tambari bakanike jina-jina, don shi ya gyara motar a makon. Mutanenmu ke nan, hukunci kafin shari'a. Dole aka kulle shi a caji ofis don a tsirar da ransa.

Mubaraka, fasinjar da ta zauna a gaba, ta ba da bayani daga kan gado.

"Cikin gari lafiya lau take tafiya, yallaɓai. Da yaz zo wuce tirela yat taka totur, sai ta cije tana tari. Ga wata mota ta taho gabanmu."

"Ta taɓa yin haka?"

"Tun Kambaza. In ya sassauta ta saki, in ya taka ta shaƙe."

A ofis, Malam Abdulbaƙi, mahaifin mamacin, ya kafe a bakin kanta.

"Bakaniken ga ya kashe min ɗa! A kai shi kotu yau."

"Baba, ina motar take kwana?"

"Ƙofar gidana. Amma ni ban taɓa ko jingina da ita ba."

Sufeto ya dube shi. Ba wanda ya tambaye shi wannan.

Tambari kuwa ya rantse sabon famfon mai ya sa. Sufeto ya ja shi har inda gawar motar take, ya sa aka kwance famfon.

"Wannan ne sabo?"

Tambari ya sunkuyar da kai. "Na hannu ne. Amma wallahi yana aiki."

Aka haɗa shi da batir, ya yi ta feshi. Maƙaryaci ne, amma famfonsa lafiyayye. Fulogi ma tas suke. Sufeto ya ce in famfo na ja mai bai zuwa, to a tanki aka tare shi. Aka sauke tankin.

Wata farar leda ce manne da rariyar da mai ke bi. A ƙasan tankin ga 'yar laya, fatarta ta jiƙe sharkaf. An naɗe ta a ledar don kada fetur ya taɓa rubutun, ledar ta warware. In ana tafiya a hankali ledar tana yawo abinta, da an taka totur sai a zuƙo ta ta toshe hanya.

Sufeto ya fara zargin abokan hamayya na tasha, sai dai murfin tankin mai makulli ne, kuma ba a ɓalle shi ba. Ya nufi Gwandu wurin Kubura, matar mamacin.

"Mijinki yana riƙe laya?"

"Shi? Har faɗa sunka yi da Baba. Duk wadda Baba yar rataya mai ga madubi, cirewa yake, ya ce shi addu'a ta ishe shi."

"Makullin motar fa?"

"Zauren Baba yake rataye shi."

Sufeto ya tuna maganar tsohon a ofis. Ya so a ce ɗan tasha ne.

Ya tarar da tsohon a zaure, masu gaisuwa sun watse. Ya ajiye layar a kan buzu.

Malam Abdulbaƙi ya dube ta.

"Yaron gudu garai, yallaɓai. Layar tsari ce. Nic ce bari in sa ta inda hannunai ba ya kaiwa."

"Yaushe ka gane?"

"Ya ce min motar na cijewa tun ran da nis saka. Sai nay yi murna, na ɗauka layar ce ka riƙe shi."

"Shi ne ka bari ana neman ran Tambari?"

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "In ba shi ne ba, to ni ne. Ban iya ɗauka ba."

Sajan da ya rako Sufeto ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ya buga waya Kalgo a saki bakaniken, sannan ya kama hannun tsohon ya ɗaga shi.

A bakin ƙofa Malam Abdulbaƙi ya tsaya. "Ku hita da ni ta baya. Kada uwar yaron ta gan ni."