Rabin Milimita

Ƙarfe goma na safe aka tsinci gawar Kuramochi Tetsuo, shugaban maharban garin Shibecha, a filin gwajin bindiga. Bindigarsa ce ta tarwatse masa a fuska. Akwatin harsashinsa na gefe, ashirin ba ɗaya.

Kwana uku 'yarsa Shizue ba ta iya haɗiye ko lomar shinkafa ba. Mai harbin barewa daga mita ɗari biyar ba ya yarda da harsashin kanti, da hannunsa yake haɗawa. To idon tsohon ya yi rauni, shekara biyu ke nan ita ke auna masa albarushi, shi kuma ya matse kan harsashin a cikin kwanso. Tsoro ɗaya ke cin ta: kada a ce hannunta ne ya kashe ubanta.

Sufeto Ogasawara, mutum mai fuskar wanda bai taɓa jin labari mai daɗi ba, ya same ta a ɗakin haɗa harsashin, akwatin na hannunsa.

"Wa ya auna albarushin?"

Ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. "Ni ce."

"Akwai na bindigar tsuntsaye a nan?"

"Ga shi can a sama."

"In aka yi kuskure aka zuba shi a wannan kwanson fa?"

"Abin da ka gani a filin," ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

Ya ce ta kwance sauran goma sha taran a gabansa. Dokar ubanta ce, ba a buɗe harsashi sai an auna tsawonsa, hannunta kuwa ya saba, sai ta ga ta ɗauki ma'aunin ba tare da ta yi tunani ba. Goma sha takwas tsawonsu ɗaya. Na ƙarshe ya ɗara su da rabin milimita. Da ta zare kansa, sai ga albarushin tsuntsaye ya zubo a faranti.

"Kuskure biyu ke nan," in ji Sufeto.

Shizue ta daɗe tana kallon ma'aunin.

"Sufeto, albarushi zan iya kuskurewa. Tsawo kuwa ba a hannuna yake ba." Ta nuna masa ƙarfen da ke matse kan harsashi. An ɗaure ƙusarsa tam, an ɗiga jan fenti a kai, fentin ko tsagewa bai yi ba. "Kowace bindiga da tsawon da take so. Mutum kan share shekara yana nema, in ya samu ya kulle. Wannan harsashin ba a ɗakin nan aka matse shi ba."

Ban da marigayin, mutum biyu kacal ke da irin wannan bindigar a Shibecha. Na farko Nagatsuka ne, mai baki kamar rediyo, wanda ya shekara goma ba ya ga maciji da marigayin.

"Na tsane shi, rubuta da manyan baƙi," ya ce. "Amma ni ɗan kanti ne, a kanti nake sayen harsashina. Shi da kansa ya raɗa min sunan, yana min dariya a gaban mutane. Ku duba, in kun ga ma'auni a gidan nan ban da na shinkafa, ku tafi da ni."

Suka duba, babu.

Na biyun shi ne wanda Shizue ta yi ta fatan kada a je gidansa: Hoshikawa, aminin ubanta tun suna firamare, wanda take kira Kawu. Ya tarbe su da shayi mai zafi.

"Shizue 'yata, kin rame. Kada ki kashe kanki da tunani, kowa na kuskure."

"Wa ya kai marigayin filin gwaji?" Sufeto ya tambaya.

"Ni. Kullum ni ne."

"Akwatin fa?"

"Tun jajibirin ranar ya bar shi a motata."

"Kawo naka harsashin."

Shizue ta ɗauki ma'aunin. Ta auna ɗaya, ta auna biyar. Kowanne ya zo daidai da baƙon harsashin nan, ba ragi ba ƙari.

Sufeto ya ajiye kofinsa. "Ka zare kan guda biyu, ka sauya albarushi, ka sake matse su da naka ƙarfen. Komai ka tuna, ban da ƙusar. Me ya yi maka?"

Hoshikawa ya sunkuyar da kai. A watan jiya ya harbi barewa ta tsallaken titi, harsashin ya huda motar madara, ya wuce tafin hannu ɗaya daga kan direban. Tetsuo kaɗai ya gani, ya kuma ba shi mako guda ya kai kansa ga 'yan sanda, in ba haka ba shi zai kai shi.

"Za su karɓe bindigar," ya ce a hankali. "Shekara goma na jira kafin a ba ni ita. Na tuna da ƙusar, Sufeto. Hannuna har ya kai kanta, na kasa juyawa in ɓata tsawon da na sha wuyar samu."

A waje, bayan an sa Hoshikawa a mota, Shizue ta riƙo hannun rigar Sufeto.

"Faɗa min da bakinka."

"Ba ke ba ce."

Ta durƙushe a kan dusar ƙanƙara. Sai a lokacin ta iya yi wa ubanta kuka.