Gatarin Aradu a Burgamin Hadi

Magariba ce ta farkon damina, irin wadda ƙasa ke tashin ƙanshi tun ruwa bai sauko ba. A gidan maƙera, can cikin gonakin arewa da Ɗambatta, Zulaihatu na tsugune tana kwasar tuwo, hayaƙin kara na shiga mata ido. Mahaifiyarta, Inna Huseina, na zaune a bakin ɗaki da carbi, tana cikin takabar mijinta. A zaure kuwa, inda maƙerar take, yayan Zulaihatu, Muntaka, yana wasa bakin wata fartanya a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

Sai wani abu ya faɗo tsakar gida, ya fasa ƙwaryar miya.

Kaji suka yi tsit a akurki. Zulaihatu ta miƙa hannu ta ɗauki abin, ta yar da shi nan take tana yarfe yatsu.

"Inna, da zafi!"

Muntaka ya fito ya duba. Kashin maƙera ne, baƙin dunƙulen nan da ke saura in an narka tama. Yana cikin juya shi da ƙafa wani ya daki rumbu, wani ya faɗa randa har ruwa ya yi ƙara. Ya ɗaga kai. Babu kowa a kan danga, babu komai a sama sai jemagu.

Mai gidan, Hadi, bai daɗe da rasuwa ba. Maƙeri ne, amma ba fartanya da lauje kaɗai aka san shi da su ba. Duk inda aradu ta faɗa, a rumbu ko a itace, ba mai kusantar wurin sai an kira shi. Yakan tafi da wani dogon awartaki da ba a sa shi a wuta, ya tono gatarin aradu, wato dutsen da mutane ke cewa tsawa ke saukowa da shi, sa'annan a koma harka. Yadda yake ƙarasa aikin, bai taɓa nuna wa 'ya'yansa ba. A ruwan farko na bana aradu ta tsaga ɗorawar Shago, wani Bamaguje maƙwabcinsu. Hadi ya tafi da ƙafarsa, ya dawo jiki kamar garwashi, ya rataye burgaminsa, jakarsa ta fatar akuya, a zaure, ya kwanta. Bai tashi ba.

Muntaka na Minjibir wajen karatu lokacin. Ya iso ya tarar ƙasar kabari ta fara bushewa. Bai ga fuskar mahaifinsa ba, bai ji kalmarsa ta ƙarshe ba. Da 'yan zaman makoki suka watse, ya sauko da burgamin, ya zura hannu, ya ci karo da wani dutse baƙi, mai santsi, daidai tafin hannu. Ya ɗauka dutsen washin Baba ne. Ƙanshin gawayi da gumin tsohon na jikinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Da rana yana wasa fartanyun mutane a kai, don washi da zuga su ne kaɗai abin da ya iya kafin a kai shi allo. In ya gama ya jefa shi aljihun riga, daidai ƙirji.

Jifan bai tsaya a ranar ba. Kullum rana ta yi ja, sai ya soma. Kuma kullum kashin maƙera ne, da ɗumi.

To, maƙera biyu ce a ƙauyen. Ta biyun tana bayan danga, ta Baffa Khalilu, ƙanen marigayin. Shi ne ya ce da Muntaka ranar sadakar uku, "Kai ɗan allo ne, koma karatunka. Uwar maƙera ba ta son hannu mai laushi, ka bar min ita." Maganar ta zauna wa Muntaka a rai. Da jifa ya yi yawa, ya zagaya ya same shi yana ƙera ruwan garma.

"Baffa, kashin maƙerarka yana raguwa kuwa?"

Khalilu ya ajiye masaba, gudumarsa ta ƙira, ya dube shi sama da ƙasa.

"Au, ni ne mai jifan? Da furfurata zan hau danga in jefi matar yayana tana takaba? Abin da aka koya maka a Minjibir ke nan?"

"Ni dai na san wanda ke son in tashi."

"Ina so ka tashi mana! Ka ga fartanyar da ka gwada ƙera wa Tani maƙwabciyarku? Ko danƙo ba za ta yanka ba. Amma in zan kore ka, da baki zan kore ka, ɗan nan. Je ka tambayi wanda ubanka ya mutu a kan itacensa."

Haka zargi ya koma kan Shago. Da tsohon ya zo da damin gero zai yi gaisuwa, Khalilu ya tare shi a ƙofar zaure, ya ƙi karɓa. Shago bai yi fushi ba. Ya ce shi abu ɗaya ya kawo shi: ramin da Hadi ya tona a gindin ɗorawa har yanzu a buɗe yake, ko akuya ba ta raɓar wurin.

"An mayar da abin kuwa?"

"Yaya bai taɓa shigo da shi gida ba," in ji Khalilu. "Kai dai ka san abin da ka binne a gonarka. Kwashe geronka."

Muntaka na ciki yana jinsu. Bai kawo komai a ransa ba, sai ma ya dafa ƙirjinsa, inda dutsen yake.

Daga nan gidan ya zama kowa na kallon hannun kowa. Mata suka daina shigowa ɗiban wuta. A bakin rijiya ana cewa ai tun da ɗan karatun nan ya dawo abin ya soma, wa ya san abin da ya karanto. Inna Huseina ma, in Muntaka ya wuce, takan bi aljihunsa da ido.

Ranar da jifa ya tsaya, sun ɗauka sauƙi ne ya zo. Zulaihatu na daka da yamma, sai taɓarya ta suɓuce mata. Ta tsaya ƙiƙam. Ta juya ta nufi zaure da wata irin tafiya mai nauyi, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ta zauna a kan kututturen da ba mai zama tun rasuwar. Ta buɗe baki.

"Muntaka. Zuga."

Muryar Hadi ce. Har da 'yar shaƙewar nan ta mai shan hayaƙin gawayi.

Muntaka ya durƙusa. Ya kama zugazugi yana zugawa a murhun da babu wuta, toka na tashi, hawaye na zuba masa a gwiwa.

Tun daga ranar, kowace magariba sai muryar ta zo. Ba ta faɗin abu mai yawa. Zuga. Miƙo masaba. Ka yi girma, ɗan nan. Shi kuwa tun la'asar yake share zaure yana jira. Zulaihatu ta daina cin abinci. Jikinta ya yi zafin da in an shafa mata ruwa yake bushewa nan da nan. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa. Da safe takan dubi uwarta da muryarta ta gaskiya, siririya, ta ce, "Inna, ina na je jiya?"

Inna Huseina ta aiki Khalilu ya ɗauko Malam Tasi'u, wani dattijon malami da ya san kan irin wannan lalura. Muntaka ya tsaya mata a ƙofa.

"Inna, Baba ne fa. Korarsa za a yi?"

Ta ɗaga hannun Zulaihatu, wanda ya koma kamar kara, ta nuna masa, ta sake shi ya faɗi a tabarma.

Malam ya iso da la'asar, hadari na haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a zaure. Ya zauna, ya zuba turare a kasko, ya soma karatu ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Iska ta ɗauke. Ko ganye ba ya motsi. Can Zulaihatu ta miƙe zaune, ta ja ƙafar hagu.

"Muntaka, kana gani za a ƙona ni? Ni da na haife ka? Tashi ka zuga."

Muntaka ya yunƙura. Malam ya dafa kafaɗarsa.

"Wanda aka binne ba ya dawowa, ɗana. Murya kuwa ana aro."

"Malam, tasa ce. Na san ta."

Sai ga maganar Inna Huseina daga bayan ƙyaure, ita da ba a jin muryarta tun da ta shiga takaba.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan, mai gidan bai taɓa cewa a zuga ba sai ya yi bisimilla. Ko wasa yake da yara. Wannan kuwa na saurare shi kullum, bai taɓa yi ba."

Malam ya dubi yarinyar.

"Ka ji. In kai ne Hadi, yi bisimilla mu ji."

Bakin Zulaihatu ya motsa, ya karkace. Dariyar da ta fito ba ta Hadi ba ce, ba ta kowa ba ce. Kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

"Tsohuwar nan tana da kunne."

"Wane ne kai, me ka zo nema a gidan marayu?"

"Kayana. Tare muka sauko a ɗorawa. Hadi ya san ƙa'ida: ya ɗaga da awartaki, ya sanyaya a nono, ya mayar ramin ya rufe, kowa ya kama gabansa. Ranar zazzaɓi ya riga shi, nonon ya zube a hanya, ya jefa a burgami wai sai gobe. Ban ga laifinsa ba. Amma akwai wanda ya ɗauka da hannu. Kullum yana goga mini ƙarfe a fuska. Na yi jifa, ba a ji ba."

Khalilu ya dubi Malam, ya dubi Muntaka.

"Za a mayar maka," in ji Malam. "Ka saki yarinya."

"Sai an haɗa mini da hannun da ya goge ni."

"Ba ka da hannun kowa a nan. Ba da sani aka yi ba, kai ma ka sani. Ko in ƙara turare?"

Ya kai hannu kasko. Jikin Zulaihatu ya ƙanƙame.

"Bari! Na bar hannun." Sai idanun suka juya kan Muntaka, muryar ta yi laushi, ta koma ta Hadi. "Ko kuwa ka riƙe dutsen, ɗan nan. Ka bar mini yarinyar. Kullum magariba in zo mu yi hira. Ba ka same ni ba da na tafi. In na fita yau, ba za ka ƙara jina ba har abada."

Tsawa ta yi gunji can nesa. Muntaka na kallon bakin da maganar ke fitowa. Ya daɗe yana kallo. Leɓen ƙasa ya tsage, jini na bin haɓar ƙanwarsa, ita ba ta ma sani ba.

Ya zura hannu aljihu, ya fito da dutsen, ya ajiye a ƙasa.

"Innalillahi!" Khalilu ya ja da baya har ya taka gawayi. "A ƙirji kake yawo da shi? Ni kuma ina can ina korar Shago!"

"To, ga sharaɗi," in ji muryar, ta koma ta ƙarfe. "Wanda ya ɗauka shi zai mayar. Da awartaki. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa. Kuma wanda ya kama awartakin nan ya kama ke nan. Duk inda na sauka shi za a kira."

"Wannan ba kai ke yankewa ba," in ji Malam. Ya juya ga Muntaka. "Ba ya da iko da rayuwarka. Sai dai gaskiya guda: in mutane suka gan ka da shi yau, gobe ƙofarka za su buga. Baffanka zai iya roƙon a bar shi ya kai."

"Ni na ɗauka," in ji Muntaka.

Ya sauko da awartakin daga bango, ya kama dutsen da shi. Abin da yake ɗauka a aljihu kamar goro, yanzu sai da ya sa hannu biyu. Ya fita. Ya bi ta tsakanin kunyoyin gero da suka fara tsiro, iska ta taso tana kaɗa masa riga, walƙiya na buɗe gonaki tana rufewa. Mutane na leƙe ta saman danga. Sai a tsakiyar hanya ya tuna bai ɗauko nono ba.

A gindin ɗorawar da ta tsage, Shago na tsaye da ƙwarya.

"Kullum nakan kawo," in ji tsohon. "Na ce wata rana wani zai zo."

Muntaka ya tsoma dutsen. Nonon ya yi cuu, tururi ya tashi. Ya saka shi a ramin, suka tura ƙasa da ƙafa su biyu. Suna daddalewa ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

Ya dawo sharkaf. A zaure ya tarar Zulaihatu kwance a cinyar uwarta, an goge mata haɓa. Ta buɗe ido ta dube shi.

"Yaya, ruwa ya dake ka. Inna, akwai sauran tuwo?"

Magariba ta yi, ta wuce. Ya zauna a zaure har ya daina ganin kututturen. Ba wanda ya kira shi.

Da safe manoma suka yi layi da fartanyunsu, don ƙasa ta jiƙu. Khalilu ya shigo ba sallama mai tsawo, ya zuba gawayi, ya sa wuta, ya zauna a wajen zugazugi, wurin yara.

"Zauna can," ya nuna kututturen da haɓa. "Zan nuna maka. Amma in ka ƙara yin irin ta Tani, da ita zan rafke ka."

Muntaka ya zauna. Ya ɗauki masaba, ƙotar ta lotsa daidai inda yatsun tsohon suka cinye ta. Hayaƙi ya shaƙe shi kaɗan.

"Bisimillahi," ya ce, da 'yar shaƙewar nan irin ta Hadi. "Baffa, zuga."

A cikin gida, carbi ya tsaya a hannun Inna Huseina. Ta juyo da kunnenta wajen zaure.