Idon Barewar Murjanatu

Kwalin takarda ne ya kai Bashar gidan Malama Sushila a unguwar Al Khabaisi ta Dubai. Aikinsa fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ranar direba bai zo ba, sai ya kawo da kansa. Malamar tsohuwa ce 'yar Indiya, tana koyar da zanen dabbobi irin na kakanninta, ƙanana kamar tafin hannu. Ɗalibai sun cika falon, amma shi mutum ɗaya ya gani.

Wata budurwa ce ta sunkuya da wani siririn buroshi na gashin kurege, tana jera wa barewa gashi ɗaya bayan ɗaya. Lallen hannunta irin na gida ne, na Hausawa.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Yauwa. Ka tare min haske."

Asabar ta gaba Bashar ya yi rajista. Mutumin da ko da'ira bai iya zanawa ba!

Sunanta Murjanatu. Kafin wata ya zagayo ta raɗa masa Sarkin Gaggawa, shi kuma yana ce mata Barewata. Ya zana giwa, ta tambaye shi ko buhun shinkafa ne. Ya tura mata saƙo:

"Barewata, yau a wajen aiki na rubuta sunanki a madadin lambar kwantena."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci dai ko?"

Barewar nan kyauta ce take shirya wa mahaifinta, Dakta Abdulhakeem, likitan dabbobi. Ido kawai ya rage, don Malama ta ce ido ne ƙarshe, kuma mai zane kaɗai ke sa shi.

Irin wannan zane kife shi ake yi, a goge bayansa da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Murjanatu ta tashi sallar la'asar, Bashar ya ce bari ya burge ta. Ya ɗau dutse ya goge ta gaba, launi ko bushewa bai yi ba. Barewa ta koma kamar kunun da ya zube.

Ta yi kuka har gida. Da Abbanta ya ji dalili, ya ce, "Wannan ne yake son turo manyansa? Wanda bai iya jiran ki idar da salla ba? Ga Izzuddeen ɗan aminina nan, yaro mai natsuwa, ki duba."

Ta rubuto masa: "Abba ya ce a'a. Ni ma ina fushi. Amma ba Izzuddeen nake so ba."

Bashar bai aika magiya ba. Ya koma gaban Malama ya zauna. Ta sa shi dama launi da ƙaro har yatsansa ya yi kanta, ta yaga masa barewa bayan barewa tana cewa, "Shwaiya, shwaiya!" Wato a hankali, a hankali. Zafin Dubai ya zo ya wuce yana kan takarda.

Ranar da ya gama, ya durƙusa a falon Dakta ya miƙa barewar da ya zana da hannu biyu. Dakta ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ƙafar baya ta ɗan yi kauri, amma gashin nan ɗaya bayan ɗaya aka jera shi.

"Ina idon?"

"Abba, ba tawa ba ce, tata na ɓata. Mai ita ce za ta sa. In ba a yarje ba, haka za ta zauna."

"Har yaushe?"

"Zan jira."

Murjanatu na bakin ƙofa tana saurare. Dakta ya yi gyaran murya.

"Mamana, ɗauko buroshinki. A aikina ban taɓa barin dabba ba ido ba."

Ta ɗauko, ta ɗiga baƙin idon, tana dariya tana hawaye.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Malama Sushila ta zo sanye da jan sari irin na matan Indiya, ta ci tuwo har da neman ƙari. Dakta ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Da ango ya miƙa hannu zai ɗauki barewar zuwa sabon gida, Dakta ya riƙe abarsa.

"Wannan tawa ce. Kai ka ɗauki taka."