Ruwan Rijiyar Iya Hindu

Ranar da abin ya fara, hadari ne ya haɗo daga gabas, ya tsaya a kan Saulawa ya ƙi zuba. Iska ta ɗauke cak. Warin da ke tashi daga bayan gidan Alhaji Uwaisu ya rasa hanyar fita, sai ya kwanta a unguwar, ya shiga ɗakuna, ya kama tufafin da ke kan igiya. Matarsa Sabuwa tana tsakar gida tana kwashe tuwo, ana dab da kiran magariba, sai ta ji ƙwal a kan kwanon ɗakinta. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Kafin ta buɗe baki ta yi faɗa, wani jifan ya sauko cikin tukunyar miya, ya fantsama mata a zane. Ta sa ludayi ta tsamo. Ba dutse ba ne, curin kashin shanu ne, ɗanye sharaf.

Shanu kam akwai su a gidan. Alhaji Uwaisu kiwon turke yake yi, yana sayo bijimai ramammu a kasuwa, ya ɗaure su ya yi ta ɗura musu dusa da harawa, in babbar Salla ta matso a loda su a tirela a yi Ikko da su. Da farko 'yan kaɗan ne, kuma babu wanda ya damu. Da rani manoman unguwar kan zo da jakuna da mangala su kwashe takin su kai gona, kamar yadda aka gada, in kaka ta yi su aiko masa da karan dawa da harawa. Kowa ya huta. Amma da abu ya bunƙasa, turaku suka cika fili har jikin katangar maƙwabta, sai Alhaji ya fara jin kansa. Wata rana ya yi sa-in-sa da wani manomi a kan mangala guda, ya rantse daga ranar ko ɗan yatsa babu mai ƙara sawa a takinsa. Mutum ne da in ya yi rantsuwa cikin fushi, ya gwammace ya mutu da ya janye.

To, ina takin zai je? Ya taru, ya yi tsibi, ruwan sama ya dake shi, fitsarin shanu ya jiƙa shi. Sai Alhaji ya sa aka haƙa rami a ƙarshen filin, aka ja kwata tana zuba a ciki. Ramin nan ko siminti ba a shafa masa ba, kuma katanga ce kawai ta raba shi da rijiyar Iya Hindu, tsohuwar da duk unguwar ke ɗiban ruwa a gidanta.

Duba-gari ya zo daga ƙaramar hukuma, ya zagaya wurin da hankici a hanci. Ya ce ba a kafa turke mai yawa haka a tsakiyar gidaje, ba a haƙa ramin ƙazanta kusa da rijiya, taki kuma tara shi ake a wuri busasshe, a rufe shi ya ruɓe, a kai gona kafin ruwa ya sauka. Alhaji ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya nuna masa ƙofa, ya ce filinsa ne, ubansa ya bar masa. Iya Hindu ma ta zo da kanta, tana dogara sanda, ta ce ruwan rijiyarta ya sauya launi.

"Ruwan nan lafiyarsa ƙalau, Iya," in ji shi. "Hassada ce ke sa ku jin wari."

Shi dai da burtsatse a gidansa, da tanki a sama, me ya dame shi? Da damina ta zauna, amai da gudawa suka shiga unguwar. Manya suka sha wuya suka tashi. Muhsin, jikan Iya Hindu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, shi bai tashi ba. Alhaji ya je gaisuwa, ya zauna a kan tabarma ya shafa fatiha, ya dawo ya duba shanunsa.

Bayan wannan ne jifa ya fara.

Kullum rana ta yi ja, sai a ji shi. A kan kwano, a ƙofar ɗaki, a kan dardumar salla. Alhaji ya ce maƙwabta ne, ya ɗauki gora ya zagaya bayan katanga yana zage-zage, bai ga ko akuya ba. Sai kuma murya, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu, tana kiran sunansa, Uwaisu, ba tare da laƙabin Alhaji ba. Shanun su daina tuƙa, su juya kawunansu gaba ɗaya wajen ramin, su tsaya ƙiƙam. Sabuwa ta wanke randa ta cika ta rufe da faifai, in ta buɗe sai ta tarar da kore-koren kashi yana yawo a sama. Ta yi kuka, ta roƙe shi ya nemi taimako. Ya ce shi ba ya tsoron ƙaiƙayi.

'Yarsu Mukarrama ce abin ya faɗa wa. Yarinya ce mai shiru-shiru, tana sakandare, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, kuma duk tsiyar Alhaji in ta yi magana yakan sassauta. Wata magariba ta fita zubar da ruwan wanke-wanke a bakin kwata. Aka ji shiru. Da uwar ta leƙa, sai ta gan ta a tsaye a bakin ramin, kwano a hannu, idanu a kafe. Aka riƙo ta aka kawo ɗaki. Sabuwa ta ɗebo ruwa a moɗa ta kai mata baki, yarinyar ta kauda kai, ta ce, "Yana wari."

Daga ranar ba ta ƙara haɗiye ruwa ba. Aka kawo na burtsatse, ta ce wari. Aka sayo na leda, aka fasa a gabanta, ta ce wari. Kunu, koko, lemo, ko an ɗura mata sai ya dawo. Aka kai ta asibiti a Makarfi aka yi mata ƙarin ruwa, ta ɗan farfaɗo, ana dawowa gida abin ya dawo sabo. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa, harshenta ya yi fari. Tana kwance tana kallon randa, tana lasar baki, ƙishirwa na cin ta, ga ruwa ba dama. Wallahi ko maƙiyinka ba ka so ka ga haka.

A nan ne Alhaji ya karaya. Ya hau babur da kansa ya tafi Paki, ya ɗauko Malam Abdussalam, dattijon da ya gaji karatu kaka da kakanni, wanda aka sani da ruƙiyya. Malam ya iso bayan la'asar. Tun daga zaure ya tsaya, ya shaƙi iskar gidan, ya dubi Alhaji. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a rumfa, uwarta ta lulluɓe ta, ta riƙe mata kafaɗa. Ya zauna daga gefe ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba. Shanu suka yi tsit, ko ƙarar igiya ba ka ji. Sai yatsun Mukarrama suka fara rawa, bayanta ya banƙare, ta tashi zaune da wani ƙarfi da ba nata ba. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe, cike da ƙiyayya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Aljana ce ni, mai rijiyar Hindu. Tun ranar da kakan mijin Hindu ya haƙa ta nake ciki. Shi da sallama ya sara ƙasa. Ba mu taɓa cutar kowa ba, su ɗebi ruwansu, mu yi zamanmu."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Ubanta ne." Kan yarinyar ya juya a hankali har idanunta suka sauka a kan Alhaji. "Uwaisu, dube ni. Busasshen kashin shanu ba mu taɓa ƙi ba, dabbobinmu ma shi suke ci. Amma wannan ruɓaɓɓen ruwan da ka sako mana ta ƙarƙashin ƙasa, ya cika mana ɗaki, ya kwantar mini da 'ya'ya. Tsohuwa ta zo ta gaya maka, ka kore ta. Hukuma ta zo, ka kore ta. Yaro ya mutu, ka je ka shafa fatiha. To, ni kore ni in gani."



Malam ya ce, "An zalunce ki, na ji. Amma ba a rama zalunci a kan wanda bai yi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Sai na tafi da ita. Ya ɗanɗana abin da Hindu ta ɗanɗana."

Sabuwa ta ƙwalla ƙara. Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, jikin yarinyar ya yi ta karkarwa, har muryar ta yi kururuwa ta ce a tsaya.

"To, a yanka mini farin bijimin nan a bakin rijiya."

"A yanka!" in ji Alhaji da sauri. "Ko biyu ne a yanka."

"Kul," in ji Malam, ya galla masa harara. "Ba a zubar da jini don wanin Allah. Kai komai sai ka saye shi da sa?" Ya juya ga yarinyar. "Faɗi abin da yake haƙƙi, ba son rai ba."

Can nesa ladan ya fara gyaran murya.

"Ya kwashe shanunsa ya kai su bayan gari. Ya yashe ramin nan, ya kai abin gonaki inda zai yi amfani, ya cike shi da ƙasa," in ji muryar.

"Salla ta kusa," Alhaji ya fara, "in aka motsa su yanzu za su rame..."

Sabuwa ce ta katse shi. Matar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. "Alhaji, dubi bakin 'yarka! Su rame mana! Su mutu ma!"

Ya duba. Jini na tsattsafowa daga leɓen Mukarrama. Ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Ya ce ruwan lafiyarsa ƙalau. A ɗebo ya sha a gabana. In ya sha, ita ma za ta sha."

Malam ya girgiza kai. "Ni ba zan sa mutum ya sha cuta ba."

"Ba kai ka sa shi ba. Shi ya ce babu cuta."

Malam ya dubi Alhaji, ya bar shi da kansa. Alhaji ya miƙe, ya ɗauki moɗa ya fita. Ya tarar da Iya Hindu zaune a bakin rijiyarta, tana jan carbi. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar da ya daɗe bai yi wa kowa irinta ba. Ta ci gaba da jan carbinta. Ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ajiye carbin, ta zura guga da hannunta, ta jawo, ta cika masa moɗa. Ta ɗauki sandarta ta biyo shi a baya.

A tsakar gidansa, gaban matarsa da Malam da tsohuwar, ya ɗaga moɗar. Ruwan ya yi kalar tsohon shayi, warinsa ya daki hancinsa kafin ya kai baki. Ya rufe ido ya kafa kai, ya sha, yana sha yana shaƙewa, ruwan na bin gemunsa. Da ya sauke sai ya dafe ƙasa da hannu biyu.

"Lafiyarsa ƙalau?" in ji muryar.

"A'a," in ji shi, hawaye na zuba. "A'a, wallahi."

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ita kuma ta ce muddin ya cika alkawari. Ya nuna mata ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta yarinyar ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Mukarrama ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. A bayan gida wani sa ya yi kuka, sauran suka amsa, aka ji sun koma tuƙa.

Ta buɗe ido a hankali. Da ƙyar muryarta ta fito, tata ta gaske, siririya.

"Umma, ruwa."

Sabuwa ta ruga randa. Ruwan garau yake. Yarinyar ta riƙe moɗar da hannu biyu ta shanye, ta miƙa a ƙaro. Uwar na kuka tana dariya, Malam na hamdala.

Alhaji ya yi jinyar cikinsa, ya tashi. Shanu sun koma bayan gari, nesa da gidaje da rijiyoyi, duba-gari da kansa ya nuna wurin. Jakuna suka yi ta jigilar taki zuwa gonaki, aka cike ramin, aka yashe rijiyar, aka ja famfo daga tankinsa zuwa ƙofar gida don unguwa. Duk ya yi, ba a ƙara jin jifa ba.

Amma a wannan magaribar, kafin a yi ko ɗaya daga ciki, ya rarrafa gaban Iya Hindu, ya kama bakin zanenta, ya ce, "Iya, ki yafe mini, don Allah."

Tsohuwar ta dubi Mukarrama tana shan ruwa a jikin uwarta. Ta janye zanenta daga hannunsa, ta gyara riƙon sandarta.

"Taka ta tashi, Uwaisu," in ji ta. "Nawa fa?"

Ta juya ta fita, babu wanda ya iya tsayar da ita.