Akwatin Jinin Masu Jego

Da hantsi aka kira Sufeto Turki zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Safa, a hawa na huɗu. Asansir, na'urar hawa benen, ya mutu tun makon jiya, don haka da ƙafa ya hau, yana tsine wa mai benen.

Duktur Abdulghaffar ya tarbe shi da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Wai an sace akwatin sanyi cike da kwalaben jinin masu jego. Ya daɗe yana bincike kan yadda yawan haihuwa ke cinye gwiwar mace, gobe kuma kwamitin jami'a zai zo ya ɗauki jinin a gwada.

"Wa kake zargi, ya duktur?"

"Mai shara, Zubaidatu. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, ka san irinsu. Ku mayar da ita ƙasarsu, halas, shi ke nan."

Turki ya san irinsu. Kakarsa ma Hajji ta zo daga Haɗejia, ba ta koma ba.

Manal, ma'aikaciyar jinya, ta ba da shaida idonta na kan takalmanta. Jiya da la'asar ta ga Zubaidatu ta sauka da akwatin.

"A hankali ko da sauri?"

"Da gudu, wallah."

A ɗakin ajiyar tsintsiya ya sami mai gudun. Tana sallar walaha a kan kujerar roba, gwiwoyinta sun kumbura sun kai ƙwarya. Gefenta tabarma ce da kwanon abinci.

"Hajiya, nan kike kwana?"

"Tunda ƙarfen nan ya mutu, ɗana. In na sauka wa zai hawo da ni?"

"Matan da ake ɗibar jininsu fa, yaushe suke zuwa?"

Ta yi dariya har da tari. "Waɗanne mata? Matan unguwarmu ta Kurayyat ne za su taka wurin da ake tambayar iƙama tun daga ƙofa? Da ciwonsu suke zaune a gida. Ni dai ban taɓa share ƙasar takalmin mai jego a nan ba."

Turki ya fito yana jinjina kai. Masanin gwiwa, da takardun shaida jere a bango, bai taɓa kallon gwiwar matar da ke goge masa tebur ba.

Aka kira azahar. Duktur, wanda ke son a gan shi da ibada gaban hukuma, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Turki ya tsaya a bayansa. Lanƙwasar hannayen biyu duk tabon allura ne, sabo a kan tsoho.

"Ya duktur, yaushe ka haihu?"

"Na'am?"

"Na ga an sha ɗibar jininka. Barka da arziki. Namiji ne ko mace?"

Ruwa na zuba, duktur bai rufe famfon ba. Manal ta fashe da kuka, ta janye hannun rigarta, ita ma duk tabon allura. Duktur ne ya sa ta, in ji ta, shi ya koya mata maganar gudun.

"Matan ne suka ƙi zuwa," duktur ya ce da ƙyar. "Na riga na yi alkawarin sakamako, sai na cika kwalaben da jinina da nata. Da an gwada, za a ga jinin namiji."

"Ina akwatin?"

"A bayan motata."

"Ko nisa ba ka iya kai shi ba. Yalla, mu je."

Da aka sa masa ankwa, ya juyo da ragowar izzarsa. "Ita kuma fa? Ba ta da iƙama!"

"Akwati aka kira ni in nema," in ji Turki, "kuma na samu."

Ya sa 'yan sanda biyu suka ɗauki Zubaidatu da kujerarta zuwa ƙasa. Duktur ya biyo baya da ƙafarsa, Manal na bin sa. A hawa na biyu ya tsaya yana haki, ya ce gwiwarsa.

"Ka rubuta a binciken," in ji Turki, ya tura shi gaba.