Karen da Ba Ya Jure Rana

A can wani gari an yi wata tsohuwa mai karɓar karnukan da aka gaji da su, ta nema musu gida. Wata rana aka kawo mata wani ɗan guntun kare mai lotsattsen hanci, fuska duk tamoji. Minsharinsa ne ya ishi masu shi. Ta sa masa suna Dunƙule.

Duk wanda ya zo nema sai ta ce, "Ka ji gaskiya: ba ya gudu, ba ya jure rana, ga minshari." Sai mutum ya kaɗa kai ya tafi. Wani ya zo, ta faɗa, ya tafi. Hatsi ya ƙare a rumbu, Dunƙule yana nan.

Rannan da bazara sai ga wani maharbi. Ya ce, "Iya, wannan zai bi ni daji?"

Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi tukunyarta wayam, ta haɗiye. Ta ce, "Ɗauke shi, ɗan nan."

Da la'asar maharbin ya dawo da Dunƙule a kafaɗa, harshe waje, ba motsi. Ya ce, "Ya yi ta bina yana haki, bai tsaya ba har ya faɗi. Iya, da kin gaya mini, ai da a inuwa na bar shi."

Ta karɓe shi, ta binne a bayan ɗaki, ta zauna a tsakar gida. Minsharin nan da ya ishi kowa, ta kasa kunne ta kasa kunne, ba ta ƙara jin sa ba.